Yatsu Shida a Hannu Mai Uku

Masu bin labarin nan, ina gaishe ku duka, har da waccan da ta rubuto a ƙasa tana cewa tsohuwa mai jikoki ta rasa abin yi sai soyayya. An karanta mini saƙonki tsaf. Allah ya ja kwananki ki kai shekaruna, sai ki zo ki gaya mini ko zuciya tana yin furfura. Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata, malamar firamare, ita ke rubutawa ina faɗa, kuma na gaya mata in ta tausasa mini kalma ɗaya ban yafe ba. Gyaran da aka yi mini ya isa haka.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni mai injin markaɗe ce. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin layi, da benci a gaba, ɗakin kwanana a baya. Mijina ya daɗe da rasuwa. Da injin nan na ciyar da 'ya'ya, na kai su makaranta, na aurar da su. Hannuna na dama yatsu uku ne: babba, manuni, da na tsakiya. Biyun ƙarshe bel ɗin inji ya tafi da su tun ina da sauran ƙuruciya. Babu wanda bai sani ba a unguwarmu, kuma ban taɓa ɓoye shi a ƙarƙashin mayafi ba. Da shi nake karɓar roba, da shi nake nuna wa mutum hanya in ya kawo mini raini.

Yayana, wanda tun rasuwar babanmu ya naɗa kansa uban kowa, shi ya kawo maganar in auri wani abokinsa, tsohon direban babbar mota, matarsa ta rasu, yana zaune a wani gari mai nisa. Na ce ba na so. Yaya ya ce zaman mace ita kaɗai a bayan shago ba mutunci ba ne. Autata, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce ita ma hankalinta zai fi kwanciya. Suka dame ni safe da yamma har na ce to, a ba shi lambata, in ya ji muryata shi da kansa zai gudu.

Bai gudu ba. Da yake ba na karatu, saƙon murya yake turo mini kullum da safe. Ya ba ni labarin hanyoyin da ya bi, da tantabarun da yake kiwo, da yadda har yau bai iya dafa shinkafa ba tare da ta kama ba. Ni kuma in saurara ina wanke inji, in mayar masa da amsa a taƙaice don kada kansa ya yi girma. Ba zan yi muku ƙarya ba, na fara duba waya kafin in buɗe shago.

To ranar da abin ya faru, na gama markaɗen safe ke nan, hannuna duk 'ya'yan tumatir, na danna saƙonsa da bayan yatsa.

"Ranki ya daɗe, mai inji. Kin tashi lafiya? Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, ina jin nauyin faɗa. Hoton nan naki da aka turo mini, nakan buɗe shi in ja shi da yatsa ya yi girma, kin san idon ba kamar da ba. To na lura da hannun da kika ɗora a ƙirji. Na ga cindon. Na ga kuma ba ki taɓa ambata shi ba, sai na ce ƙila nauyi kike ji. Kada ki ji komai wallahi. Mahaifiyata da cindo ta zo duniya, da shi ta koma, kuma ban taɓa cin abinci daga hannun da ya kai nata albarka ba. Ni da na gani ma sai na ji kin ƙara kwanta mini a rai."

Cindo, don 'yan zamani da ba su sani ba, shi ne ƙarin yatsa na shida da ake haifar wasu da shi.

Na dubi hannuna. Na sake sauraren saƙon. Na sake duban hannuna. Na ce ko dai tsohon nan hoton wata yake kallo yana yi mini daɗin baki? Raina ya ɓaci nan take. Na danna na ce masa, "Turo mini hoton da kake magana."

Ya turo.

Jama'a, ni ce kuma ba ni ba ce. Leshina ne, mai ruwan goro, wanda na saka ranar sunan jikata. Ɗankwalina ne, ɗaurina ne. Na tuna ranar sarai: Auta ta tsayar da ni a gaban injina ta ce in ɗora hannu a ƙirji in yi murmushi. Amma a hoton babu inji, babu bokiti, babu benci. An tsayar da ni a wani falo mai labule har ƙasa, da tukunyar fure a gefe, falon da ko a mafarki ban taɓa shiga ba. Hannun kuma, hannun dama, yana kwance a ƙirjina sumul kamar na amarya, da zobe. Na ja hoton ya yi girma yadda ya ce yana yi. Na ƙirga. Shida.

Ko wanke hannu ban yi ba. Na ja ƙofar shago, na ce wa matar da ta zo da gero ta dawo anjima, na tare mai babur.

Na tarar da Auta a falonta, cikin doguwar riga shuɗiya, tana shan shayi kafin ta fita aiki. Kujerunta har yau ba ta cire musu leda ba, in ka zauna sai su yi ta ƙara kamar ana murza takarda. Ban zauna ba.

"Auta, yatsuna nawa ne?"

"Mama, ina kwana tukuna."

"Kwana ya yi kyau. Nawa ne?"

Ta ajiye kofi. Na miƙa mata wayar. Tana ganin hoton ta sunkuyar da kai.

"Ɗan gyara ne kawai, Mama. Kowa yana yi yanzu. Wajen mai gyaran hoto na kai, ya cike wurin."

"Ya cike wurin. Rami ne a titi? Ƙirga mini."

Ta ƙirga da farce a kan gilashin waya. Na ga bakinta ya tsaya. Ta koma farko. Sai dariya ta kufce mata, ta toshe baki da sauri da ta ga fuskata.

"Wallahi biyar na ce masa. Ban lura ba."

"Au, biyu kika je saye aka yi miki gyaran ɗaya. Madalla da ciniki. Mutumin can yana zaune yana kallon hannun nan yana tuna uwarsa. Uwarsa, Auta! Gobe ya zo ya ga uku, wa zai kira maƙaryaciya? Ke ko ni?"

Maimakon ta ba ni amsa sai ta kira Yaya, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur, wai shi zai fi iya yi mini bayani. Ashe da saninsa.

"Ke dai ba ki da godiya," in ji Yaya. Ina jin yana tauna wani abu. "Yarinya ta rufa miki asiri kina tayar da hayaniya. Mutumin nan yana da gidansa, yana da mutuncinsa. A ɗaura aure tukuna, in ya gani daga baya ya gani. Dattijo ba ya sakin mace saboda yatsa."

"Yaya, ni ba mota ba ce da za a shafe inda ta bugu da fenti a kai kasuwa."

"Kin ji ki ko? Bakin nan ne ya hana ki aure tuntuni, ba hannu ba."

"To a kai bakin ma wajen mai hoto ya cike shi."

"Auta, nuna mata abin da muka tanada."

Auta ta tashi kamar wadda ƙwai ya fashe wa a ciki, ta buɗe jakarta, ta fito da safar hannu baƙa, irin mai santsi. Ta ɗaga ta dama. Yatsu biyun ƙarshe a tsaye suke, an cusa musu auduga.

Na daɗe ina kallon safar nan. Na yi shekaru ina jin maganganu a kan hannuna, daga yara, daga dangin miji, daga masu kawo markaɗe da ke kawar da kai in na miƙa musu roba. Babu wadda ta taɓa shiga jikina kamar audugar nan.

"Biyar za ku cusa mini ko shida?" na ce. "Don shi shida ya sani."

Yaya ya kashe wayarsa. Na ce wa Auta ta ɗauko mayafinta, yau kantin magani zai yi haƙuri, wajen mai hoton za mu. Hotona na ainihi nake so a dawo mini da shi, in tura wa mutumin nan da hannuna.

Shagon yana saman bene, a kan shagon wani mai gyaran waya, matakalar ƙunci sai mutum ya karkace. Bango cike da hotunan amare, kuma wallahi duk fatarsu iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Mai shagon babban mutum ne da tumbi da tabarau, fanka na kaɗa masa ƙeya. Yana ganin Auta ya washe baki.

"Madam, an dawo? Aiki ya yi kyau ko?"

Na ɗora hannuna a kan teburinsa, a kan takardunsa. Ya dubi hannun, ya dubi fuskata, ya gane ni ce mai leshin nan ta cikin hoton. Murmushin ya tafi.

"Sannu da zuwa, Mama. A ba Mama kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai ne ka haifa mini yatsu?"

Ya buɗe hoton a kwamfutarsa, ya ƙirga, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Subhanallahi. Wannan kuskure ne, Mama, na'urar takan yi haka da hannu. Yanzu zan cire ɗaya."

"Uku za ka cire. Ka dawo mini da hotona yadda aka kawo maka shi."

Ya dubi Auta. Auta ta dubi fanka. Ashe shi a kan hoton ya yi aikinsa bai ajiye na farko ba, ita kuma ta goge nata daga waya don kada ta yi kuskuren tura shi.

"To ka goge ƙaryar," na ce, "gaskiyar tana ƙasa."

"Ba haka yake aiki ba, Mama. Babu komai a ƙasa." Ya juyo da kwamfutar ta fuskance ni. "Kin ga, in na shafe wuri haka," ya ja ɗan abin nan da ke kan tebur, wani jan fenti ya rufe yatsun, "to wurin ya zama fili, babu komai. Sai in ce wa na'ura ta cike. Ita kuma sai ta duba abin da ke kewaye, ta ga tsintsiyar hannu, ta ga leshi, ta ga haske daga ina yake zuwa. An nuna mata hotuna masu yawan gaske tun da farko, ta saba da yadda abubuwa suke zama. Sai ta yi zaton abin da ya fi dacewa da wurin ta zana."

"Zato."

"Zato ne, amma mai kyau."

"Shida ne mai kyau?"

Na ce ya gwada, ina tsaye.

Ya shafe, ya danna. Wani abu ya yi ta juyawa a tsakiyar hoton, sai ga hannu ya fito da yatsu biyar da jan farce. Na ce ba nawa ba ne. Ya sake shafewa, ya rubuta mata wani abu da Turanci, wai yana gaya mata uku ake so. Ta fito da biyar, ta lanƙwashe biyu a ƙarƙashin tafi kamar ina ɓoye kuɗin cefane. Ya sake. Wannan karon ta rufe wurin da furen leshi, kamar hannun ya nutse cikin riga. Gumi ya fara tsattsafo masa duk da fanka.

"Ba ta saba ganin irin wannan ba ne, Mama."

"Ai na ga alama. Duk duniyar da aka nuna mata babu mai markaɗe a ciki."

A ƙarshe ta ba shi uku. Ya yi ajiyar zuciya ya jingina da kujera. Na matso na duba. Yatsu uku ne, amma inda biyun suka tafi ta yi shi sumul, a zagaye, kamar gefen sabulu. Na ɗaga nawa kusa da gilashin.

"Dubi nan. Ka ga ba daidai suka yanke ba, ƙaramin ya tafi duka, na kusa da shi ya bar ɗan guntu. Ka ga ɗinkin ya karkace, don likitan yana sauri. Ka ga farin tabon nan da ya gangara har tsintsiya, nan bel ya fara kamawa. Ina suke a naka?"

"Ba za ta san wannan ba. Ba ta taɓa ganinki ba."

"To ka ji. Abin da bai taɓa ganina ba shi kuka sa ya gaya wa mutum kamannina."

Ya ce in zauna ya ɗauki hoton hannun yanzu ya liƙa a jikin wancan, ba wanda zai gane. Na ce a falon wa? Labulen wa? Na ɗauke hannuna daga teburinsa. 'Ya'yan tumatir biyu sun manne a takardarsa, na bar masa su.

Da muka koma shago na buɗe ƙofa duka biyu don haske ya shigo. Na ɗaura zanen aikina, wanda manja da barkono suka rina. Na tsaya a gaban inji, na ɗora hannuna a ƙirji kamar wancan karon.

"Ɗauka."

Auta ta ɗaga waya. Ta sauke. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa.

"Mama, ba zan iya ba."

"Wancan karon kin iya."

"Wancan karon na san za a goge." Sai hawaye. "Ba don shi na yi ba, Mama, ba don Kawu ba. Ni ce nake so in ga hannunki cikakke sau ɗaya. Duk sanda na kalle shi ni nake gani. Ai kowa ya gaya mini."

Abin da aka gaya mata gaskiya ne, kuma ban taɓa faɗa a labarin nan ba. Tana rarrafe lokacin. Na juya in ɗauko bokiti, na waigo na gan ta ta miƙa hannu za ta kama bel yana gudu. Na fizge ta da hagu, na dafa da dama inda bai kamata ba. Shi ke nan labarin.

Na so in rarrashe ta, amma ni ba a koya mini rarrashi ba, kuma raina bai gama hucewa ba.

"Share hawayenki ki saurare ni. Yatsu biyu na bayar na karɓi mutum sukutum, ga ki nan tsaye da mayafinki da aikinki. Ko yau aka sake kawo mini cinikin nan zan yi. Ban taɓa kallon wurin nan na ga asara ba sai yau da kika cusa masa auduga. In kina jin nauyinsa, ki ji nauyin gogewa. Ɗauka."

Ta ɗauka. Na karɓa na duba. Ga inji, ga bokiti, ga bango da ya yi baƙi, ga ni ban yi murmushi ba. Ga uku.

"Yanzu danna ki yi masa magana. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta danna.

"Baba, ina wuni. Ni ce autarta. Hoton da aka turo maka ni na kai aka gyara, Mama ba ta sani ba, ba ta taɓa ganinsa ba sai yau. Ba ta da cindo. Yatsunta uku ne a dama, inji ne ya cire biyu lokacin da ta cece ni ina ƙarama. Falon ma ba namu ba ne. Ga hotonta na gaskiya. Ka yafe mini."

Na karɓi wayar na ƙara nawa: "Ka ji. Ka gani. In ka fasa ba ka yi laifi ba, amma kada ka kira ni maƙaryaciya." Na tura duka.

Alamar ta nuna ya buɗe. Ta nuna ya saurara. Shiru.

Washegari babu saƙon safe. Na wanke inji ba tare da tantabaru ba. Yaya ya zo ya zauna a bencina ya yi ta faɗa har masu markaɗe suka taru, wai na kori mutum da hannuna, na zubar masa da mutunci a idon abokinsa, kada in sake kawo masa kukan kaɗaici. Na ce yaushe na taɓa kawowa? Na ce ya ɗaga ƙafarsa ruwan wanki zai wuce. Kwanaki suka bi haka. Auta takan kira ta tambaya a hankali, in ce mata babu labari, ta ci abinci ta daina damuna. Amma ku da nake gaya wa gaskiya, wayar tana cikin zanena duk yini, kuma duk sanda ta yi motsi sai in ciro ta in duba. Ba na nadama. Ciwo dai yana nan, nadama ce babu.

Sai wata safiya, lokacin da layi ya fi tsawo, mata da robobi har bakin titi, na hango wani dattijo a tsakiyarsu. Gajere, da farar riga da ta sha guga, da sanda, yana jan ƙafa ɗaya. Ya rungume kwano a ƙirji kamar jariri. Matan sun sa shi a gaba.

"Baba, uwargida ta yi yaji ne?"

"Baba, kawo mu riƙe maka, kada ka zubar."

"Ku bar shi, ƙila amarya ce ta aiko shi."

Yana ta murmushi. Bai tsallake kowa ba, ya bi layi har ya iso gabana. Ya miƙo kwanon. Wake ne a jiƙe, ko ɓawon ba a cire ba.

"Ranki ya daɗe, mai inji."

Muryar ta riga fuskar isowa. Na sa hannun dama na karɓi kwanon, da gangan, a hankali.

"Wa ya jiƙa maka waken nan?"

"Ni."

"Da gani ba tambaya."

Wadda ke bayansa ta matso har tana taka masa takalmi.

"Na yi fushi," ya ce. "Gara in gaya miki."

"Da hannun?"

"Da abin da aka sa na yi. Na zauna ina kallon hannun da babu shi a duniya ina hawaye ina tuna uwata. Har ƙannena mata na kira na ba su labari. Kin san yadda mutum yake ji in ya gane da hayaƙi yake hira?"

"Na sani. Shi ya sa na tona."

"Na ce ba zan sake yarda da waya ba. Na biyun ma ban yarda da shi ba. Ina na sani ko shi ma an taɓa? Na ce sai na zo da idona."

Na ajiye kwanon. Na goge hannuna a zane, na shimfiɗa shi a kan faifan inji, a gaban kowa. Ya jingina sandarsa da benci, ya ciro tabarau daga aljihu, ya sunkuya. Ya daɗe. Ya ce in juya shi, na juya. Ya bi farin tabon da ido har tsintsiya.

"Yana ciwo?"

Shekara da shekaru ana tambayata yadda aka yi. Ba na tuna wanda ya taɓa tambayar wannan.

"In an yi sanyi."

Ya gyaɗa kai, ya cire tabarau ya ninke.

"Na yarda ba ke kika sa aka yi ba. Duk wanda ya ce kin yi mini ƙarya, a turo shi wajena, ko yayanki ne."

Abin da na fita nema ke nan, kuma na samu a gaban shaidu sun fi goma, masu bakin da kafin azahar unguwa duk ta ji. Na ɗauke hannuna.

"To ka gama dubawa. Ni yau na fara ganinka, ban duba komai ba tukuna. Zauna can in sallami mutane."

Matan suka matsa masa a benci har da kakkaɓe masa wuri. Ya zauna a tsakaninsu, sanda tsakanin gwiwoyi. Na zuba wakensa a bakin inji, na kama igiya na ja. Inji ya tashi da ƙararsa da ke cika layi.

Sai a lokacin ya ɗago ya yi magana. Na ga bakinsa yana motsi, yana kallona, amma ko kalma ban ji ba. Wadda ke gefensa ta ji. Ta zaro ido, ta toshe baki da mayafi, ta daki cinyar ta kusa da ita, magana ta bi benci har ƙarshen layi. Suka fara yi mini nuni da hannu in kashe, in kashe.

Ban kashe ba. Wake yana ciki, kuma ba a tsayar da inji a tsakiyar markaɗe. In maganar kirki ce zai iya maimaita ta.